Sau uku na haɗa hodar jiki kafin fatata ta karɓa

Susa ce ta kai ni ga haɗa hodar jiki da hannuna. Shekara da shekaru ina shafa hoda bayan wanka, a wuya da hammata da ƙasan ƙirji da bayan gwiwa, duk inda fata ke gogar fata gumi ya taru. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke cikin gwangwanin ba, har sai da na koma wata mai ƙamshi mai ƙarfi, irin wadda in an shafa da safe ake jin ta a jikin riga har dare. Mako biyu da fara ta wuyana ya feso da ƙananan ƙuraje, ina ta susa kamar an zuba mini ƙaiƙayi a riga. Na juya gwangwanin ina karanta jerin abin da aka zuba. Kowane sinadari da sunansa, amma da aka zo kan ƙamshin sai kalma ɗaya tak: turare. Wane turare, daga me aka yi shi, nawa aka sa, babu bayani. Kalmar nan guda tana iya ɓoye sinadarai da yawa a ƙarƙashinta, kuma haka ake rubutawa a kan yawancin kayan shafa. Ranar na ajiye gwangwanin, na ce zan yi tawa wadda zan iya lissafa duk abin da ke cikinta da yatsun hannu ɗaya.

Abu na farko a jerin nan shi ne talkum, sai na fara bincike daga kansa. Dutse ne ake haƙowa a niƙa, kuma shi ne mafi laushi a cikin ma'adinai: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs shi ke lamba 1, lu'ulu'u na lamba 10, farce ma yana iya kartarsa. Laushin nan ne ke ba hoda santsin da muka saba da shi. Damuwar ita ce a wasu wuraren haƙa yana maƙwabtaka da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji in ana shaƙarsa. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai ta talkum a Amurka da Kanada a 2020, ya daina a duniya baki ɗaya a 2023 ya koma sitacin masara, ko da yake ya ci gaba da cewa hodarsa ba ta da illa. A watan Yulin 2024 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya talkum a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar. Wannan ya ishe ni. Tunda ga sitaci yana yin aikin, ban ga dalilin sa dutsen a tawa ba.

Haɗina na farko da ido na yi shi. An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, ni kuwa na yarda da maganar nan a inda ba ta aiki. Na ɗebo sitacin masara kamar kofi ɗaya, na zuba bekin soda kusan rabin kofi saboda na ji ana cewa yana kashe warin gumi, sannan na buɗe kwalbar man labanda, wani fure mai ƙamshi, na riƙa ɗigawa ina sunsunawa. Na ɗiga goma, ban ji yadda nake so ba. Na ƙara goma. Na kawo man kirfa na ƙara, don ina son ɗuminsa. Ban ƙirga daidai ba, amma na tabbata sun haura ɗigo 50. Da na sa cokali na juya, duk inda man ya faɗa sai ya dunƙule ya zama ɗan curi mai maiƙo, kamar tsakuwa a cikin garin. Na murje waɗanda na gani, na zuba a kwalba, na ce an gama.

Yayata ce ta fara buɗe kwalbar da yamma. Ta kai hanci, ta yi sauri ta kawar da kai tana tari.

"Ke, wannan ai ya yi yawa. Da me kike son ki ƙona jikinki?"

"Yaya, ni fa ban ma ji sosai ba."

"Ba za ki ji ba, tun ɗazu kina cikinsa. Fita waje ki sha iska ki dawo."

Na fita, na yi kamar minti goma, na dawo. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tare ni, mai kaifi, har cikin maƙogwaro. A nan na fahimci abin da ya fi ruɗin mai haɗa turare: hanci yana gajiya da ƙamshin da ya daɗe a cikinsa, cikin 'yan mintoci sai ya daina kai saƙo, mutum ya ɗauka babu, ya yi ta ƙarawa. Duk da haka ban zubar ba. Na shafa washegari a hammata, na sake shafawa kwana na biyu. A kwana na uku wurin ya yi duhu, yana zafi kamar an goga barkono, in na ɗaga hannu fatar tana ja.

Laifin na abu biyu ne, kuma sai da na zauna na karanta kafin na raba su. Na ɗaya bekin soda. Akwai ma'aunin da ake auna tsami da shi, daga 0 zuwa 14: bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi ɓangaren tsami, sama da shi ɓangaren su kanwa. Fatar mutum tana wajen 5, wato tana da ɗan tsami, kuma tsamin nan kariya ce gare ta daga ƙwayoyin cuta da bushewa. Bekin soda kuwa ya ɗan haura 8. In ya haɗu da gumi ya wuni a lungun fata mai laushi, sai ya rushe wannan kariyar, ga shi kuma ƙwayoyinsa suna da kaushi, suna gurzar wurin duk lokacin da hannu ya motsa. Akwai masu jure shi in kaɗan ne. Fatata ba ta cikinsu, kuma tun daga ranar ban sake sa ko ƙwaya ba. Na biyu man kirfa. Shi da na kanumfari suna cikin mayukan ƙamshi da suka fi ƙona fata, kuma ni curi-curi na bar shi, wato duk inda curi ɗaya ya fashe a jikina, man ne tsagwaronsa ya taɓa fata.

Na bar jikina ya huta mako uku ba tare da na shafa komai ba sai ruwa da sabulu mara ƙamshi. A wannan tsakanin na mayar da hankali kan garin da kansa, domin na gane na yi ta hidimar ƙamshi na manta cewa kashi 99 cikin ɗari na hoda gari ne. Aikinta biyu ne kacal: ta tsotse danshi, ta rage gogayya tsakanin fata da fata ko fata da tufa. Ba ta hana gumi fita. Warin jiki kuma ba daga gumin kansa yake tashi ba, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cin abin da ke cikin gumin hammata su fitar da wari, kuma sun fi jin daɗi a inda ke da laima. Don haka hodar da ta busar da wuri da kyau ta riga ta yi rabin aikin turare.

Na samo gari huɗu na jera su a faranti, ina murza kowanne tsakanin yatsu, ina shafawa a bayan hannu. Sitacin masara, wato farin nan ƙal mai ƙara ƙiƙi-ƙiƙi in an matsa shi, ba niƙaƙƙen garin masara ba, yana shan danshi sosai, sai dai in gumi ya yi yawa yakan cure a lungun fata. Sitacin ararut ya fi shi sauƙi a hannu, yana bin jiki ya ɓace. Daga saiwar wani tsiro ake samunsa wanda asalinsa yankin Kudancin Amurka ne da tsibiran Karibiyan, kuma tsibirin Sant Binsent ya daɗe da yin suna wajen nomansa. Sau da yawa abin da ake sayarwa da sunan ararut sitacin rogo ne, amma wannan bai dame ni ba, shi ma yana yin hoda mai kyau. Sitacin shinkafa ne ya fi ba ni mamaki. Ƙwayoyinsa na cikin mafi ƙanƙanta a duk sitaci, tsakanin maikuromita 3 zuwa 8, alhali na dankalin turawa suna kai wa 100. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ido ba ya ganin wannan bambancin amma fata tana jin sa, domin na shinkafar ne kaɗai ya ba ni santsin da ya yi kusa da na talkum.

Na huɗun farar ƙasa ce, wadda ake kira kawolin. Sunan ya samo asali daga wani tudu mai suna Gaoling kusa da birnin Jingdezhen a ƙasar Sin, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙo ta don yin tangaran. A cikin hoda ita ke riƙe sitaci ya zauna a jiki, tana shan maiƙon fata, kuma tana riƙe ƙamshi. A nemi wadda aka tace don kayan shafa. Wadda aka haƙo kai tsaye tana da yashi da dattin da rariya ba ta iya cirewa. Haka ma sitacin da ake sa wa tufafi kafin guga, bai dace ba, don akan haɗa shi da wasu abubuwan da ba na fata ba.

Haɗi na biyu na so in yi shi da furanni zalla, ba mai ko ɗigo, saboda tsoron abin da ya same ni. Na tsinko furen wardi cike da hannu biyu, na ware ganyayyakin furen, na shanya a inuwa a kan tsabtataccen yadi, domin rana tana cinye launi da ƙamshi. Bayan kwana uku na taɓa na ji sun yi yaushi sun yi sauƙi, na ce sun bushe. Na niƙa, na tankaɗe, na haɗa da sitaci da farar ƙasa, na rufe. Launin ya yi kyau ƙwarai, fari mai ɗan jan-ja, har na riƙa buɗewa ina kallo. Kwana goma bayan haka na buɗe sai warin danshi ya bugo ni, ga ɗigo-ɗigon fumfuna masu toka-toka a jikin kwalbar daga ciki. Gindin kowane ganyen fure ya fi bakinsa kauri, shi ne bai gama bushewa ba, kuma sitaci abinci ne ga fumfuna da zarar ya sami laima. Na zubar da ita duka. Abin ya yi mini ciwo, domin wannan karon na ba ta lokaci da kulawa.

Fure bai bushe ba sai in ka murza shi ya karye ƙaras ya zama gari a tafin hannu. In ya lanƙwashe, da saura. Na sake shanya wani, wannan karon har kwana goma sha biyu, na niƙa don in ga abin da zai bayar. Cike da hannu biyu, bayan tankaɗe sau biyu da tacewa ta yadi mai shara-shara, bai fi cokali ɗaya da rabi ba. Ga ra'ayina a kan niƙa fure a cikin hoda, kuma na san akwai masu son sa da ba za su yarda da ni ba: wahalarsa ta fi amfaninsa. Ƙamshin da yake bayarwa kaɗan ne, komai niƙa yana barin ɗan tsaki-tsaki da ake ji a wuri mai laushi, kuma in gumi ya jiƙa shi yana iya barin tabo a farar riga. Dalilin ƙarancin ƙamshin a fili yake. Man da ke cikin furen wardi ɗan mitsitsi ne, har masu tatsarsa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya sukan tara sama da kilo 3,000 na fure kafin su sami kilo ɗaya na mai. To ina ga cikin hannu biyu? Yanzu in ina son wardi, busasshen furen nake ƙullewa a ɗan ƙyalle in binne shi a tsakiyar garin, ya ba da abin da zai bayar a hankali, in cire shi bayan mako biyu.

Kafin haɗi na uku na nemi ɗan ƙaramin sikeli mai auna giram, da littafin rubutu. Na wanke kwalbar gilashi da ruwan zafi, na kife ta ta kwana ta wuni, har na tabbata babu ko raɓa a cikin murfin. Kwano da cokali da rariya su ma haka. Na auna ararut giram 60, farar ƙasa giram 25, sitacin shinkafa giram 15, jimla 100 cif. Na zaɓi ɗari ne don lissafin man ya zo da sauƙi. Mililita ɗaya na man ƙamshi yana ba da kimanin ɗigo 20, wato ɗigo 20 a giram 100 ya kama kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Na tsaya a 12, ɗan sama da rabin kashi ɗaya, saboda abu ne da zai wuni a lungunan jiki inda fata ta fi laushi kuma iska ba ta shiga.

Zaɓen ƙamshin shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne na fi jin daɗinsa. Mayukan ƙamshi ba sa tashi lokaci ɗaya. Na ɓawon lemo da danginsa su ke fara bugun hanci, su ne kuma ke fara gudu. Na furanni da ganyaye irin labanda suna tsakiya. Na itace da saiwa, irin sandal da saiwar jema, ba sa ɗaga murya amma su ke kwana, kuma suna riƙe na saman su hana su saurin tashi. Na ɗiga kowanne a guntun takarda daban, na rubuta sunansa, ina dawowa in sunsuna bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, da kuma washegari. Takardar lemo ta zama takarda kawai kafin dare. Ta labanda ta kai safiya da kyar. Ta sandal kuwa kwana uku tana nan, ta ma fi daɗi a kwana na biyu. Na so in sa lemun duk da haka, don ina son yadda yake buɗe hanci da safe, sai na fasa saboda dalili mai ƙarfi: man da aka matso daga ɓawon bagamot, wani irin lemo, da na lemun tsami yana ɗauke da sinadarin da in ya taɓa fata rana ta buge ta, yakan ƙona wurin ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Wuya kuwa a rana yake wuni. Daga ƙarshe na tsaya a labanda ɗigo 6, sandal 4, jeraniyum 2. Jeraniyum ɗin, man ganyen wani tsiro, shi ne ke kawo ɗan kamannin wardi.

Yadda aka sa man ya fi yawansa muhimmanci, kuma a nan ne haɗina na farko ya lalace. Wannan karon na ɗebi cokali ɗaya na farar ƙasar na zuba a ƙaramin kwanon tangaran, na ɗiga dukkan ɗigo 12 a kai, na riƙa murzawa da bayan cokali. Da farko ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi. Na ci gaba da dannawa ina jujjuyawa kusan minti biyar, har ya koma gari, babu curi ko ɗaya. Sai na ƙara cokali ɗaya na murza, na ƙara biyu, na ƙara huɗu, kullum ina ƙara daidai da abin da ke cikin kwanon, har garin ya ƙare. Haka masu haɗa magunguna ke yi in za su raba ɗan abu kaɗan a cikin gari mai yawa, don kowane cokali ya sami rabonsa daidai. Aikin yana cin lokaci, hannu yana gajiya, amma babu gajeriyar hanyar da ta kai shi.

Sai tankaɗe, sau uku, da rariya mafi ƙanƙantar ido da nake da ita. Na kashe fanka, na ɗaure hanci da baki da ƙyalle, na riƙe rariyar can ƙasa a cikin kwano mai zurfi ina bubbuga gefenta a hankali. Garin nan yana tashi da ɗan motsi kaɗan, kuma ƙurar kowace irin hoda ba ta da kyau ga huhu, ko ta sitaci ce. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙurar sitaci tana kama wuta in ta tashi a iska kusa da harshen wuta, don haka ba aikin da za a yi a gefen murhu ko kyandir ba ne. A tankaɗe na farko an sami 'yan ƙananan gudaji a rariyar, na murje su na mayar. A na uku garin ya sauko kamar hayaƙi, ya kwanta sumul, in na sa yatsa sai ya nutse ba tare da na ji komai ba.

Na zuba a kwalbar, na rufe gam, na manna takarda na rubuta ranar da abin da ke ciki. Gilashi na zaɓa saboda man ƙamshi yana cin wasu robobi, kuma roba tana shanye ƙamshin. Na sa ta a cikin kabad mai duhu. Da na sunsuna a ranar farko, labanda ce kaɗai ke magana, da kaifi irin na magani, har zuciyata ta raya mini in ƙara sandal. Hannuna ya kai kan kwalbar man, na tuna wuyana da hammatata, na janye. Kullum da safe nakan girgiza kwalbar a rufe, in bar ta ta lafa, ba na buɗewa. A kwana na bakwai na buɗe. Kaifin ya tafi. Labandar ta sauko, sandal ya taso ya same ta, jeraniyum yana can tsakaninsu ba ka iya nuna inda yake. Ƙamshi ɗaya ne yanzu, mai sanyi, irin na tufafin da aka wanke aka adana. Ɗigo 12 ɗin nan da na raina a ranar farko sun cika kwalbar.

Duk da ɗokin da nake yi ban shafa a jiki ba sai da na gwada. Na ɗan dangwala a cikin gwiwar hannu, na bar shi kwana biyu ina dubawa, domin wani ƙin da fata ke yi ba ya fitowa nan take. Babu ja, babu susa. Sannan na fara da wuya kaɗai, bayan kwana uku na kai hammata.

Shafawar ma na sake koyon ta. Da can nakan zazzaga hoda kai tsaye a jiki, ƙura ta turnuƙe ɗaki, jikin ma da sauran ruwan wanka. Hoda a kan jiƙaƙƙiyar fata ƙullu take zama, ta taru a lungu ta toshe, ta jawo abin da ake gudu. Yanzu sai na goge jiki ya bushe sarai, in ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali a tafin hannu nesa da fuska, in murza hannu biyu, sannan in shafa. Da haka ba ta barin fari-fari a fata. Ba na kai ta al'aura, ba na sa ta a kan rauni ko inda na yi aski a ranar. In kuma lungun fata ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, wannan ya wuce hoda, na likita ne.

Ranar da na fara wuni da ita cikin zafi, ina ta kai da komo tun safe, na dawo da yamma na duba wuyana a madubi. Lafiya lau. Na yi gumi kamar kullum, amma rigar ba ta manne mini ba, bayan gwiwa bai yi zafin gogayya ba. Ƙamshin kuwa sai na sunkuyar da kai cikin wuyan riga nake jin sa, sandal ne ya rage, siriri. Wanda ke zaune nesa da ni ba zai san na shafa komai ba, kuma haka nake so.

Yayata ta sake buɗe kwalbar, wannan karon ta daɗe da ita a hanci.

"Wannan kam ta yi. Ɗibar mini, har in riƙa shafa wa jaririyata, wuyanta duk ƙurajen zafi."

"Ke zan ɗibar miki, Yaya, amma don Allah kada ki sa wa yarinyar."

"Ba ke kika haɗa da hannunki ba? Ai babu abin cutarwa a ciki."

Na zaunar da ita na yi mata bayani, domin wannan kuskure ne mai sauƙin faɗawa. Kasancewar abu daga tsiro ya fito bai sa ya dace da jariri ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba iyaye shawarar su guji hoda ga jarirai, ta talkum ce ko ta sitaci, saboda ƙurar tana shiga ƙananan hanyoyin numfashinsu. Ga kuma man ƙamshi, wanda fatar jariri ta fi tamu saurin sha, wasunsu ma irin na na'a-na'a suna iya taɓa numfashin ƙaramin yaro in sun kusanci fuskarsa. Ta yi shiru, ta ce to, za ta rage wa yarinyar kaya ta riƙa goge mata wuya da ruwa tana busarwa. Na zuba mata nata a ƙaramar kwalba, na ce ta fara gwadawa a gwiwar hannu kamar yadda na yi, tunda fatarta ba tawa ba ce, kuma labanda ma akwai waɗanda ba ta karɓa.

Giram 100 ɗin nan sun kai ni wata uku da 'yan kwanaki. Ba na yin fiye da haka a lokaci ɗaya, domin man ƙamshi in ya daɗe yana haɗuwa da iska yana sauyawa, kuma tsohon man labanda ko na lemo ya fi sabo saurin tayar da fata. Ba na ajiye kwalbar a banɗaki saboda tururi, kuma cokalin da nake ɗiba da shi busasshe ne, a cikin kwalbar yake zama. Wajen ƙarshenta na lura farar ƙasar ta ɗan busar mini da fata a lokacin sanyi, sai na rubuta a littafin. A haɗi na huɗu na rage ta zuwa giram 20, na kai sitacin shinkafa 20, na cire ɗigo ɗaya na labanda na mayar da shi saiwar jema. Yau kwananta huɗu a kabad, saura uku in buɗe.